Jarka Biyu a Hanyar Maiyama

Ranar Talata ce, bayan la'asar, labarin ya iske Goggo Altine. Tana zaune gindin darbejiya a tsakar gidanta na Sabiyal, tana ɗinke tsofaffin buhunan albasa da basilla, sai ta ji sallamar Isiyaku, ƙanin marigayi mijinta. Tun daga sallamar ta san ba lafiya ba. Isiyaku bai taɓa shiga gidan nan bai tsokane ta ba, ko ya ce miyarta ta yi gishiri, ko ya ce ta tsufa ya fasa aurenta. Ran nan kuwa ya tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, ya tsuguna nesa da ita, idonsa a ƙasa.

"Yaya, sai haƙuri," ya ce. "Safiyanu ya riga mu gidan gaskiya. Bisa babur, hanyar Maiyama."

Ta ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un sau uku. Sannan ta ja zaren, ta ƙarasa ɗinkin da ta fara, ta ɗaure, ta cije da haƙori. Ba taurin zuciya ba ne. Safiyanu ɗanta ne na fari, kuma a gidan da aka haife ta uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yi masa kuka a gaban mutane. Shekara talatin da huɗu suna gida ɗaya, bakinta bai taɓa furta sunansa ba. Yana ƙarami "kai wanga" take ce masa. Da ya yi aure ya sami 'ya, sai ya koma Baban Hanan.

Tambaya ɗaya ta iya yi.

"Mi ya kai shi Maiyama? Da sahe ya ce mani Jega za shi neman mai."

"Ajali na, Yaya."

"Ban tambaye ka ajali ba. Hanya nika tambaya."

Isiyaku ya miƙe, ya ce ana jiransa wurin wankan gawa. A lokacin ne Lailatu, matar Safiyanu, ta fito daga ɗaki da 'yarta a goye, ta dubi fuskokinsu, ta zube ƙasa.

Kafin magariba an kai shi makwancinsa. A garin, kayan da mutum ya cika da su a jikinsa akan turo wa mata su wanke, daga baya a bayar sadaka. Aka turo hularsa, da wandonsa, da takalmi ƙafa ɗaya, da wayarsa da ta tsage. Babu riga. Altine ta juya ƙunshin sau biyu, ta aika a tambayi Isiyaku. Ya aiko cewa rigar ta lalace. Ta aika a tambayi babur. Ya aiko cewa yana gidansa, a bari a share makoki. Ta riƙe wannan a ranta.

Abin da Safiyanu ya bari a duniya ba shi da yawa: mata, 'ya, babur, injin ban-ruwa, da gonar albasa a fadama. Gonar ce komai. Saura kamar mako huɗu a cire, lokacin da albasa take ƙulla kai ke nan, kuma a lokacin ba ta jure ƙishirwa. Can ƙarshen gonar akwai fangali shida da ba na sayarwa ba ne, na iri ne. Uwar albasa aka binne a ciki, ta fito, ta yi dogon kara, ta fara farin fure mai kama da dunƙulen auduga. Irin nan daga hannun Muhammadu ya fito, mijin Altine, shi kuma daga hannun ubansa. Albasar ja ce mai tauri, wadda take zama a rudu, rumfar ajiyar albasa, har damina ta faɗi ba ta ruɓe ba. Shekarar da mutane suka sayi irin kasuwa mai kyan gwangwani, ya yi ganye har gwiwa bai yi kai ba, gidan Altine aka yi ta zuwa roƙon cokali ɗaya, cokali biyu.

Sai dai ruwan fadama inji ke jawo shi, inji kuwa mai yake sha. Tun da mai ya yi tashin da ya yi, Safiyanu ya rame. Kullum hankalinsa na kan jarka.

Washegari mata suka cika tsakar gida. In an gama gaisuwa da addu'a, hira takan koma inda ta saba komawa.

"Ni yanzu ɗunƙulen miya raba shi biyu nika yi," in ji Maijidda, maƙwabciyar Altine. "Rabi yau, rabi gobe. Maigidana ya ce miyar ta yi fari, na ce to shi kawo mai baƙi."

"Ke ta miya kika yi," wata ta ce. "Fataken kudu bana ko rabin na bara ba su zaka ba. Wai kuɗin mota ya hi kuɗin albasa."

"Samarinmu duk sun watse haƙar zinari. In anka ci gaba haka, nan da shekara biyu wa za shi noma? Ƙasar ga kamar buhun da ɓera ya huda ta. Ana ɗauke da shi, yana zuba, ba mai waigowa."

"To ga zaɓe nan tahe."

"Zaɓe! Wanda ya hau, mu na ƙasa. Wanda ya sauka, mu na ƙasa."

Ana cikin haka aka yi sallama da Muttaka, wakilin jam'iyyar da ke kan mulki a mazaɓar. Mutum biyu na biye da shi da buhun shinkafa mai hoton ɗan takara. Ya durƙusa bakin tabarmar Altine.

"Hajiya, ya haƙuri? Allah shi jiƙan shi, shi sa ya huta."

"Amin. Amma ban je Makka ba, Muttaka. Tun kana yawo ba wando na san ka."

Ya yi 'yar dariya, ya gyara hula. "Goggo, Safiyanu namu na. Ran da abin ga ya faru, da sahe muna tare Jega wurin taro. Duba ki gani."

Ya miƙo waya. Altine ta matso da ita kusa da ido. Fuskar ɗanta ce, har da tabon gira inda igiyar inji ta taɓa dukansa. Yana kan babur cikin wasu samari, sanye da riga rawaya mai hoton mutumin da ke jikin buhun. Ba ta taɓa ganin rigar ba. Kuma iya saninta, in aka yi maganar jam'iyya a gabansa tsaki kawai yake ja.

"Kuma ba hatsari ba na," Muttaka ya rage murya, amma yadda kowa zai ji. "'Yan wancan ɓangare sunka bi shi da mota sunka ture shi, don sun ga rigarmu."

"Ka gani da idonka?"

"Kowa ya sani, Goggo."

"Ban san kowa ba. Kai nika tambaya."

Ya tsallake tambayar. Ya ce su ba sa manta nasu, kuma sun san halin da gona take ciki. Durom guda na mai za a kai fadama, ya ishi inji har a cire albasa. Abu kaɗan suke so. Ta dubi waya ta ce, "Ni ce uwar Safiyanu, ɗana Safiyanu ɗan jam'iyyarmu ne, kuma kashe shi aka yi." Shi ke nan.

Wata tsohuwa ta rufe baki da mayafi. A ce uwa ta kira sunan ɗan fari sau biyu a numfashi ɗaya, a gaban waya, duniya na kallo.

"Sai na yi shawara," in ji Altine.

Ranar addu'ar uku Rilwanu ya zo, na jam'iyyar da ke neman hawa. Shi tare suka yi makarantar allo da Safiyanu, ya sha cin tuwo a gidan. Shi ma da buhunsa, da hoton wani mutumin. Ya yi hawaye, kuma Altine ta ga hawayen na gaske ne. Amma da ya share ido, hannunsa aljihu ya tafi, ya fito da waya.

Ga Safiyanu kuma, a Aliero wannan karon, makon da ya wuce, cikin riga shuɗiya.

"Wurinmu za shi, Goggo. Muna da taro Maiyama bayan azahar. Da bakinshi ya kira ni ya ce yana hanya. Waɗancan sunka ji ya bar su, sunka tare shi."

"Ka gani da idonka?"

"Ba sai na gani ba. Na san halinsu."

"I, ka sani kam," ta ce. "Ba kai na ka kawo mamu atamfa mai hoton nasu mutum ba, waccan shekara? Muttaka kuma lokacin yana inda kake yanzu."

"Siyasa ta canza, Goggo."

"Atamfar ma ta canza. Wanki biyu ta koɗe."

Maijidda ta ƙyalƙyale da dariya, ta tuna gidan makoki ne, ta mayar da ita tari. Rilwanu ya daure ya faɗi nasa. Durom guda na mai, da sabon tiyo. Kalmomin ma kusan iri ɗaya ne da na Muttaka, sunan jam'iyya kawai ya bambanta.

Da suka tafi, Altine ta sa aka jingina buhunan biyu a zaure, ta juya hotunan suna kallon bango. Ta hana a kwance ko ɗaya.

Daga ranar zuciyarta ta daina yarda da kowa. Ta taɓa jin cewa masu waya suna iya ɗaukar kan mutum su ɗora a jikin wani, to wane hoto ne na ƙarya? Ko duka biyun? In mota ta ture shi, motar wa? In babu motar, me ya sa Isiyaku ya ɓoye riga? Ko an ba shi wani abu ne ya yi shiru? Har masu zuwa gaisuwa ta fara duban hannunsu, ko da waya a ciki. In biyu suka yi raɗa a gefe, sai ta ga kamar da ita suke.

Ta shiga ɗakin Lailatu, ta same ta zaune cikin takaba, Hanan na barci a cinyarta.

"Wace riga ya sa ran nan?"

"Farar tashi ta gona, Inna. Amma ita ga ta can rataye, da anka kawo kaya na ga ashe ya tuɓe ta ya bar ta zaure." Lailatu ta share hanci. "Wallahi ban san komi ba. Yakan hita da jarka wofi, shi dawo da mai. Na tambaye shi ina yaka samu, ya ce in bar tambaya in ɗora tukunya."

Sai ta kama gefen zanen Altine.

"Inna, yau kwana huɗu gona ba ta sha ruwa ba. Ni ba ni da halin hita. Ki faɗa ma ɗaya cikinsu abin da yaka so. Magana ta kawai, iska za ta kwashe. In albasar ga ta mutu, mi za mu ci da damina? Mi Hanan za ta ci?"

Altine ta dubi yarinyar da ke barci. Girarta irin ta ubanta ce. Ta juya ta fita.

Da sassafe ranar ta biyar ta yafa mayafi ta gangara fadama da ƙafa. Injinan maƙwabta kaɗan ke kuka, wasu gonakin an riga an bar su. Ta tsaya bakin gonar ɗanta. Ƙasar fangalan ta tsattsage, lawashi ya fara sunkuyawa, bakinsa ya yi rawaya. Ta tona ɗaya da yatsa, kan bai wuce goro ba. Ta ƙarasa wurin fangalan iri. Karan na tsaye tukuna, ƙudan zuma na yawo a kan furen, amma na gefe sun fara langaɓewa. Injin na nan ƙarƙashin zana inda ɗanta ya rufe shi. Ta girgiza tankin, ba ta ji motsin komai ba.

Daga nan ba ta koma gida ba, gidan Isiyaku ta nufa. Ta same shi yana ba tumaki dusa.

"Yaya, ke da ke zaman makoki?"

"Riga na zo karɓa."

"Na ce maki ta lalace."

"Lalatacciyar nika so. Isiyaku, dube ni. Wa ya ba ka abin rufe baki, mai rawaya ko mai shuɗi?"

Ya ajiye kwanon dusa a hankali. Idonsa ya kawo ruwa. "Ni za ki ce ma haka? Ni da na wanke shi da hannuna?"

"To nuna mani abin da hannunka ya cire."

Ya wuce bayan rumbu, ta bi shi. Babur na nan jingine, gabansa a lanƙwashe. Jarka biyu na ɗaure a baya da roba, ɗaya a kowane gefe. Isiyaku ya ƙwanƙwasa ta dama, ta yi ƙara irin ta wofi. Ya ƙwanƙwasa ta hagu, ta amsa da nauyi. Sannan ya zaro ƙunshi daga ƙarƙashin rumbun ya kwance.

Riga biyu ne, ɗaya cikin ɗaya. Rawaya a ciki, shuɗiya a sama. Jini ya bushe ya manne su, an tsaga su da reza daga wuya har ƙasa.

"Haka na ishe su jikinshi," in ji Isiyaku. "Duk mai babur da ya bi ayarin taro, cika mashi jarka aka yi. Da sahe ya bi na Jega, anka cika mashi wagga. Ya hito gari, ya ɗora shuɗiya bisa rawaya, ya kama hanyar Maiyama da gudu don kada a gama rabo bai iso ba. Ba shi kaɗai ba na, Yaya. Rabin samarin fadama haka suka yi. Muttaka ya sani, Rilwanu ya sani. Su dai a ga taro ya cika."

"Motar hwa?"

"Babu mota. Wani Bafulatani mai suna Tamu yana kiwo bakin hanya, gaban idonshi anka yi. Shi ya ɗauke kanshi daga kwalta, shi ya kira ni. Rami na. Ya kauce ma rami, jarka cike gefe guda, wofi gefe guda, nauyi ya ja shi. Duk mai babur ya san ba a ɗaura nauyi gefe guda a yi gudu. Shi ma ya sani. Sauri yaka yi."

"Don mi ka ɓoye mani?"

"Kunya na ji. Kada a ce ɗan yayana ya mutu da fuska biyu. Kuma na ji tsoron mutanen ga, in sunka ga rigunan, kowane shi ce cin amana."

Altine ta tsuguna, ta ɗora hannu a kan rigunan. Kwana biyar tana neman wanda ya kashe mata ɗa, ashe rami ne da jarka. Ta ji wani abu ya sauka daga ƙirjinta, wani kuma mafi nauyi ya hau.

"Ashe ba na kowa ba na," ta ce.

"Ɗan jam'iyyar albasa na," in ji Isiyaku, ya yi ƙoƙarin murmushi, fuskarsa ta ƙi.

A nan bayan rumbu, ba kowa sai ƙanin mijinta da tumaki, ta yi kukan da ba ta yi ba a gida. Isiyaku ya juya baya ya ba ta wuri.

Da ta share fuska ta nuna jarkar hagu. "Wagga, ina za ta kai?"

"In gona duka, sha ɗaya, da ƙyar. Bayan kwana uku mu koma inda muke. In fangalin iri kaɗai, a hankali, za ta kai su har iri shi nuna." Ya dube ta. "Durom kau, ya ishi duka. Ni ba ni cewa ki yi, ba ni cewa ki bari. Bakinki na."

Ta ɗauki ƙunshin ta koma gida. Ta jiƙa rigunan a ruwan ɗumi har suka rabu, ta wanke su da sabulu sau uku, ta shanya a bayan ɗaki inda masu gaisuwa ba za su gani ba. Yini biyu tana juya maganar. Magana ce kawai, in ji Lailatu. Amma ta san samarin yanzu. In ta ce masu shuɗi suka kashe shi, gobe a sari ɗan wata a kasuwar Jega da sunan ɗanta. In ta ce masu rawaya ne, haka. Kuma ko da ba a taɓa kowa ba, sunan da ta ɓoye a bakinta shekara talatin da huɗu zai yi ta yawo a wayoyi, ana kunna shi a teburin mai shayi, a jikin ƙarya. Sai kuma ta ji kukan Hanan daga ɗaki, lissafin ya rushe, ta sake farawa. Da rigunan suka bushe ta ɗauko basillar buhu, ta ɗinke tsagar kowace.

Ranar addu'ar bakwai ta sa aka daka gumba da geron rumbunta. Maza suka yi addu'a a ƙofar gida, aka shafa. Muttaka da Rilwanu duk sun zo, kowane ya zauna a nasa gefen tabarma da mutanensa, kowane na jiran ɗayan ya tafi. Altine ta aika Isiyaku ya shigo da su tare.

Suka durƙusa a bakin zaure, ba mai kallon wani. Ta fito da rigunan a ninke.

"Muttaka, wagga taka ta. Rilwanu, wagga taka ta. Duk biyu jikinshi anka cire su, ɗaya bisa ɗaya. Na wanke, na ɗinke. Ku ba wani, taro bai ƙare ba."

Rilwanu ya karɓa, ya ga ɗinkin basilla tun daga wuya, ya sunkuyar da kai. Muttaka ya riƙe tasa da yatsa biyu.

"Goggo, wanga duk ba shi hana komi. Wa ya san da shuɗiyar in ba mu ba? Durom na nan cikin mota." Ɗaya daga cikin mutanensa ya riga ya ɗaga waya.

"Kai, sauke abin ga daga fuskata," in ji Altine. Ba ta ɗaga murya ba. "Sunan da ban kira ba yana da rai, ba ni kiran shi don mai. Rami ya kashe shi, da jarka. In kuna son in faɗi haka, ku ɗauka."

Ba wanda ya ɗauka.

"Gonar hwa, Goggo?" Rilwanu ya tambaya a hankali.

"In don Allah ka tambaya, ka san hanyar fadama. Ba sai na yi magana ba."

Ya dubi mutanensa, ya kawar da kai.

Ta ce su kwashe shinkafarsu. Suka ce abin da aka kawo gidan makoki ba ya komawa, suka fita. Maijidda ta matso kusa da ita ta ce, "Goggo, shinkafa dai ba ta yi laihin komi ba." Altine ta ce duk mai so ya ɗiba, ita dai kada a sa mata a tukunya. Kafin la'asar buhunan sun zama wofi, kuma ba ta ga laifin kowa ba.

Ta leƙa ta ramin zana lokacin da baƙin ke tafiya. Motar Muttaka ta tare ta Rilwanu. Suka tsaya suna nuna wa juna hannu, ta ɗauka faɗa ne. Sai ta ga Muttaka ya faɗi wani abu, Rilwanu ya girgiza kai, Muttaka ya ɓare goro ya miƙa masa rabi, ya karɓa. Rigunan biyu aka jefa bayan mota.

Babu durom ɗin da ya je fadama. Washegari Isiyaku ya kwance jarkar hagu, ya zuba kaɗan a inji, ya toshe hanyar ruwan babbar gona da ƙasa, ya buɗe ta fangali shida. Altine na tsaye tana kallon ruwan yana wuce sauran. Bayan mako biyu lawashin babbar gona ya kwanta ya bushe. Abin da aka tona ƙanana ne, ko rudu ba a gyara musu ba, a kwando aka kai su kasuwar Aliero. Lailatu ta yi kwanaki ba ta ce wa Altine komai ba sai gaisuwa. Daminar nan sun ji jiki, sai da aka sayar da babur da akuya biyu.

Iri kuwa tun kafin damina ya nuna. Aka yanke kawunan, aka shanya a tabarma, Altine ta murje su da tafin hannu, ta sheƙe. Baƙi ƙirin, ya cika kwalba uku. Zaɓe ya zo ya wuce. Ta ji ana harba bindigar murna daga wajen Aliero, ba ta tambayi wanda ya ci ba. Mai bai sauko ba. Daga baya ta ji Muttaka da Rilwanu sun koma jam'iyya ɗaya, ba ta tambayi wacce ba.

Da Lailatu ta fita takaba, iyayenta suka zo daga Jandutsi suka tafi da ita da Hanan. Altine ta naɗe kwalba ɗaya a zane ta sa mata a kaya, ta ce ta yarinya ce, a riƙa shukawa ana sabuntawa, kada a bari ya kwana biyu a kwalba. Lailatu ta riƙe kwalbar, ta durƙusa, ta ce, "Inna, ki yahe mani." Altine ta ce ba abin yafewa, ita ma da tana da 'ya a goye wataƙila da ta faɗa. Kwalba ta biyu ta ba Isiyaku, shi ke noman gonar yanzu, gwargwadon man da ya samu.

Ta ukun na ɗakinta. A bayan ɗakin ta sa an tayar mata da fangali ɗaya, bai fi tabarma ba. Jarkar dama, wadda ba ta kai Maiyama ba, ita ta riƙe. Ta wanke ta da toka da sabulu ba adadi, amma har yau in ta buɗe murfin tana jin warin mai kaɗan. Kowace safiya in ta idar da salla sai ta kai ta bakin rijiya, ta zuba guga biyu, don abin da take iya ɗauka ke nan. Takan rungume ta a ƙirji da hannu biyu, ba ta riƙe ta a gefe guda, ta zagaya bayan ɗaki, ta tsuguna, ta tsiyaya wa albasar ruwa a gindi.